Idan 'Yan Gudun Hijira Suka Sauka a Ƙofar Majami'arku

A ƙarshen Oktoba na 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram har aka tarwatsa hedikwatar ɗarikar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ke Kwarhi, mutane suka riƙa kwararowa Gombe ta hanyar Biu da ta Numan, wasu a bayan motar kaya, wasu daga su sai silifas ɗin ƙafarsu. Mutanen Gwoza sun riga su isowa tun watan Agusta. Majami'armu ta samu nata rabon. A makon farko kowa gwarzo ne: mata sun ɗora tukwane, samari sun kwaso katifu, baiko ya cika kwando har ya zuba. Kafin a yi wata ɗaya, sai ka nemi masu ɗora tukunyar ka rasa. Baƙin kuwa suna nan, wasunsu ma har yau suna nan.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma wanda aka ƙone wa gida ba raɓa ba ne, rana ba za ta fito ya bushe ba. Tausayi yakan yi makonni uku, buƙata kuma takan yi shekara biyu ko fiye, kuma tsari ne kaɗai ke cike wannan tazarar. Abin da ke biye tsarin ne, kamar yadda muka koye shi bayan mun sha tuntuɓe.

Kafa kwamiti tun ba a buga ƙofa ba

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko saboda ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wurin rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a ƙara addu'a a yi shiru ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Ku ma ku zaɓi mutum biyar zuwa bakwai. A samu aƙalla biyu daga Zumuntar Mata, domin yawancin waɗanda za su zo mata ne da yara, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa dattijo ba ko za ta mutu. A samu ma'aikacin lafiya ko da na ƙaramin asibiti ne, da malamin makaranta, da wani matashi mai ƙafa wanda ya san ofisoshi. Idan baƙin sun iso, a ƙara mutum biyu daga cikinsu, namiji da mace, waɗanda su da kansu suka zaɓa.

Kada fasto ya riƙe kuɗi, kada kuma ya riƙe makullin sito. Ba don ana zarginsa ba. Shi ne za a je wa da kuka idan rabo ya karkace, kuma ba a zama alƙali a shari'ar da ake ciki. A buɗe asusu daban da na ikilisiya, mai sa hannun mutum biyu, a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a duk wata. Bulus ma da ya tara gudummawar Urushalima bai ɗauke ta shi kaɗai ba, ya bayyana a 2 Korantiyawa sura 8 cewa yana gudun kada wani ya samu abin zargi.

Daren farko

Ruwan sha, ruwan wanka, kunu mai ɗumi, tabarma, gidan sauro. Wanda ya kwana biyu bai ci ba, a fara masa da kunu kafin tuwo. Ba daren tambayoyi ba ne. "Sannunku da hanya, Mama, kun iso gida" ya isa. Tambaya uku kawai ake yi kafin a kwanta: akwai mai ciki ko mai rauni? Akwai mai shan magani kullum, irin na hawan jini, suga, farfaɗiya, tarin fuka ko ƙanjamau? Akwai yaron da ya zo ba tare da iyayensa ba? Tambayar magani a yi ta a keɓe, ma'aikacin lafiya ne kuma zai yi ta.

Idan mutane sun yi yawa a harabar majami'a, abin da zai fara kashe yara ba yunwa ba ce, amai da gudawa ne. Tun da safe a ware makewayin mata daban da na maza, a sa fitila a hanyarsa, a ajiye ruwa da sabulu a bakinsa.

Wane ne ya zo?

Washegari ko jibi sai a buɗe littafi. Kowane iyali shafi guda: sunaye, shekaru, garin da aka fito, yaren da ake ji, sana'ar da aka iya, ajin da kowane yaro ya tsaya, da wanda aka rabu da shi a hanya. Littafin nan a kulle yake zama. Ba a ɗaukar hotonsa, ba a tura shi ta WhatsApp, domin akwai wanda ya gudo ne daga mutanen da har yanzu suke nemansa.

A nan ne za ku gane cewa kalmar 'yan gudun hijira ta rufe mutane iri-iri, kuma kowane da ƙofar da za a buga masa. Wanda ya taso daga Gwoza, Chibok, Michika ko Damboa ɗan Najeriya ne. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shi 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar, ba ya buƙatar izinin kowa ya zauna a Tumfure ko Billiri. Nasa shi ne a kai sunansa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, domin idan kayan agaji suka zo daga gwamnati ko NEMA, takwararta ta ƙasa, da rajista ake rabo. Haka ma wanda ya tsallaka Kamaru ya zauna a sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, sannan ya dawo: ɗan ƙasa ne, sai dai 'ya'yansa da aka haifa a can suna buƙatar a daidaita takardunsu.

Wanda ya tsallako daga wata ƙasa saboda tsoron ransa, kamar mutanen yankin Kamaru masu amfani da Ingilishi da suka shigo Taraba, Binuwai da Kuros Riba tun 2017, shi al'amarinsa na hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa ne, NCFRMI, wadda aka kafa a 1989, tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta UNHCR. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, waɗanda Najeriya ta amince da su, sun hana a mayar da irin wannan mutum inda ransa ke cikin haɗari. Amma kariyar tana ƙarfi ne idan ya yi rajista. Ɓoye shi a ɗakin bayan majami'a ba taimako ba ne. Wanda kuma ya zo neman abinci ne daga Nijar ko Chadi, ba gudun yaƙi ba, hukumar shige da fice ce tasa, a raka shi a ji abin da ake buƙata.

A cikin kwana biyun nan kuma dattawa biyu su je su gai da mai unguwa, su faɗa masa adadin baƙin da inda aka sauke su, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mutanen unguwa suna da tsoronsu, Gombe ma ta ga bama-bamai a tashoshin mota, kuma jita-jitar "an kawo mana 'yan Boko Haram" ba ta da wuyar tashi. Idan mai unguwa ya ji daga bakinku, shi zai kashe ta. Idan a majalisar mai shayi ya ji, kun shiga uku.

Masauki, inda zumunci ke lalacewa

Harabar majami'a ta kwana kaɗan ce. Daga nan yawanci sai a raba baƙi gidajen 'yan ikilisiya, kuma nan ne muka fi shan wuya. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mace biyu a murhu ɗaya, yara goma a makewayi ɗaya, mai gida yana ganin buhun masararsa na sauka amma kunya ta hana shi magana. Bayan wata biyu sai ka ji ana cewa baƙin ba su da godiya, su kuma suna cewa an mai da su bayi. Duk cikinsu babu mugu, mu ne ba mu yi magana tun farko ba.

Saboda haka kafin a kai kowa gidan kowa, a zauna su uku, mai gida da baƙo da ɗan kwamiti, a faɗi wa'adi a fili: wata uku, misali, sannan a sake zama. A faɗi wanda zai kawo hatsi, a faɗi ko tukunya ɗaya za a yi ko kowa tasa. Ni dai ina ganin kowa tasa ya fi, ko da murhun duwatsu uku ne a gefe, domin mace da ke dafa wa 'ya'yanta da hannunta ta fara dawowa cikin hayyacinta. Kwamiti ya riƙa kai wa mai masauki nasa tallafin, shi ma nauyi ya ɗauka. Kada a raba miji da mata, kada a raba uwa da 'ya'yanta don neman sauƙi. Kada kuma a kai budurwa ko gwauruwa gidan da babu mace, ko mai gidan dattijon ikilisiya ne.

Akwai masu zuwa da fara'a su ce, "Ku ba ni yarinya ɗaya in riƙe, zan sa ta makaranta." Wani da gaske yake, wani 'yar aiki yake nema ta kyauta. Amsar kwamiti ɗaya ce: mai son taimakon yarinya ya biya mata kuɗin makaranta tana gaban uwarta. Wanda ya zo da maganar kai yara Legas ko Fatakwal aiki, a kai rahotonsa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP. Yaron da ya zo shi kaɗai kuwa, a sanar da ma'aikatar da ke kula da mata da walwalar jama'a, a kuma kai sunansa ƙungiyar Red Cross, suna da aikin neman dangin da suka rabu.

Burin shi ne ɗakin haya kafin wa'adi ya cika. Ikilisiya ta biya na shekarar farko kai tsaye ga mai gida, rasit kuma da sunan baƙon. A gaya masa tun ranar cewa shekara ta biyu rabi za a biya, ta uku kuma tasa ce.

Rabon abinci

Kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa: mun jibge buhuna a gaban majami'a ranar Lahadi bayan sujada, ana kiran suna da lasifika, ana ɗaukar hoto. Wani dattijo, wanda daga baya muka ji cewa a garinsu shi ke ciyar da rabin unguwa daga rumbunsa, da aka kira sunansa sai ya miƙe ya bi ta ƙofar baya. Da na same shi da yamma na ce, "Baba, ba ka karɓi naka ba," sai ya ce, "Ɗana, yunwa ba ta kai wannan zafi ba."

Tun daga ranar, mata biyu ke kai kaya gida-gida da yamma, a tsakiyar mako. Ana auna wa da mudu bisa yawan bakunan gida, ba bisa yawan magidanta ba, kuma a hannun uwar gida ake danƙawa. A tambayi abin da suke ci, kada a kai wa mai tuwon dawa taliya kwali-kwali. A haɗa da abin da masu bayarwa ke mantawa: sabulu, gishiri, manja, itace ko gawayi, da audugar mata. Hoto kuwa sai da izini, na yara ma a bar shi gaba ɗaya. Idan masu ba da tallafi sun nemi shaida, a nuna musu littafin sito da rasit.

A ware wani kaso kuma don matalautan unguwar da kuka tarar. Gwauruwar da ta shekara ashirin tana share majami'a, idan ta ga buhu na wuce ƙofarta zuwa ta baƙo, ba za ta yi magana ba, amma gunagunin nan na Ayyukan Manzanni sura 6 ya dawo ke nan.

Takardu, makaranta, asibiti

Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takarda. A fara da rahoton 'yan sanda na ɓatan takardu da takardar rantsuwa daga kotu, da su ake neman sauran. Sai lambar NIN: wanda ya taɓa yi ba ya sake sabuwa, tsohuwar ake nemo masa. Da ita ake dawo da layin waya, layin kuma shi ke dawo da dangi da asusun banki, tunda BVN na nan ko kati ya ƙone. Yara a yi musu takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan wani ya ce zai samo wa ɗan Gwoza takardar asalin wata ƙaramar hukuma ta Gombe, ku ƙi. Ranar da yaron zai nemi aiki ko gurbin karatu, ita za ta kayar da shi.

Kada a jira takardu kafin a kai yara makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ko da yake kayan makaranta da littattafai da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa suna nan, kwamiti ne zai ɗauka. Malamin da ke cikinku ya gwada kowane yaro kafin a zaɓa masa aji. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Kamaru ko Chadi ba daƙiƙi ba ne, darasin Ingilishi na yamma yake buƙata, kuma azuzuwan makarantar Lahadi a banza suke daga Litinin zuwa Asabar.

Ƙananan yara a kai su rigakafi, musamman na ƙyanda, a duba tamowa. Masu ciki a kai su awo. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, kada a bari wanda ya fara ya yanke. Idan an yi wa mace fyaɗe, a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Maganar ba ta zuwa taron kwamiti, ba ta kuma zama batun roƙon addu'a.

Ciwon da ba a gani

Mu masu bi muna da saurin baki. Mutum ya ga an yanka ɗansa, mu kuma muna ce masa, "Ka gafarta, nufin Allah ne." Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Mai ziyara ya je ya zauna, ya taya tsinkar zogale, ya saurara idan an yi magana. Kada a tsayar da kowa gaban jama'a ya ba da shaidar yadda ya tsira, sai in shi ya nema. Idan ya ce yana fushi da Allah, a bar shi, Zabura cike take da masu irin wannan kuka.

Rashin barci, firgita da ƙarar ƙofa, yaro babba ya koma fitsarin kwance, duk sukan biyo bayan tashin hankali, ba aljanu ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Lokacin Kirsimeti a ja kunnen samari kan wasan nokawut kusa da gidajen baƙi. Amma wanda ya daina ci, ko yake maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya faɗa shaye-shaye, a yi masa addu'a a kuma kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kada a tsaya zaɓar ɗaya. Masu ziyarar ma a riƙa sauya su, jin irin waɗannan labarai kullum yana cin mutum.

Gona da jari

Dokar da ke Littafin Firistoci sura 19 ba ta ce a kai wa baƙo dafaffen tuwo ba, cewa ta yi a bar masa gefen gona da kala. Rut, 'yar Mowab, da hannunta ta yi kala a gonar Bo'aza. Yawancin mutanen kudancin Borno da arewacin Adamawa manoma ne na gaske, waɗanda suka saba noma a kan duwatsu. Abin da ya fi musu buhun shinkafa shi ne fili.

Ku fara neman gona tun Maris, kada ku jira ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni. A nemi aro ko haya daga 'yan ikilisiya masu fili a wajen Akko, Billiri, Kaltungo ko Yamaltu-Deba, wajen Dadin Kowa kuma akwai noman rani. A rubuta yarjejeniya a gaban dagaci: aro ne ko haya, shekara nawa, wa ke da itatuwan da ke ciki. Mun ga wanda ya share saura ya zuba taki, shekara na zagayowa mai gona ya ce ɗansa na so. A ba da iri, fartanya da taki a kan lokaci, a kuma ci gaba da kai abinci har kaka, in ba haka ba irin za a dafa.

Masu sana'a a koma littafin rajista a ga abin da suka iya. Kada a tara mata talatin a koya musu haɗa sabulun ruwa, wa zai saya? Mai suyar ƙosai kasko da wake take so, tela keke yake so, birkila a haɗa shi da ɗan kwangilar da ke cikin ikilisiya. Kaya ya fi kuɗi a hannu a karon farko, domin kuɗi yana shigowa ciwon yaro zai cinye shi. Idan ciniki ya kama, su shiga adashen matan unguwa. 'Yan ikilisiya kuma su saya a wurinsu, su biya farashin kasuwa, ba na tausayi ba, ba kuma bashi ba.

Maganar addini, a fili

Rikicin nan ya kori Musulmi ya kori Kirista. Idan iyalin Musulmi suka zo ƙofarku, mudunsu daidai da na kowa, kuma babu sharaɗin shiga sujada. A nuna musu masallacin unguwa, a haɗa su da liman. Baƙon da Yesu ya ambata a Matiyu 25 ba a faɗi addininsa ba, kuma Yesu kansa an gudu da shi Masar yana jariri. Wanda ya yi tambaya game da bangaskiyarku a amsa masa, amma ba a ranar rabo ba.

Tsakanin Kirista ma akwai irin wannan. Ɗan EYN ko Katolika da ya sauka a ECWA ko COCIN ba kamun kifi ba ne, a nuna masa inda 'yan ɗarikarsa suke. Idan sun zauna tare da ku, a ba su fili su yi waƙa da Margi, Kibaku, Glavda ko Kamwe. Wanda ya zo daga arewacin Kamaru ba ya jin Hausa, a gwada shi da Fulatanci, Gombe ba ta rasa mai fassara. A kuma ba su aiki: wanda yake dattijo a garinsu ya karanta nassi, mai murya ta shiga mawaƙa. Dattijon nan da ya bi ta ƙofar baya, shi ya riƙe mana makullin sito daga baya.

Komawa, zama, ko wucewa gaba

Wannan shawarar tasu ce. Yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da UNHCR suka sa wa hannu a Maris na 2017 ma a kan komawa bisa son rai aka gina ta. Kada gajiyarku ta sa ku ce musu gari ya yi lafiya. Mai son komawa, a taimaka wa mutum ɗaya daga gidan da kuɗin mota ya je ya gano da idonsa, a bar ɗakinsu da gurbin yaransu a makaranta har ya dawo da labari.

Za a kuma samu masu zuwa da fom, wai wata ƙungiyar Kirista za ta kai mutane Amurka ko Kanada idan an biya kuɗin rajista. UNHCR ba ta karɓar ko kwabo a kan ayyukanta, kuma sake tsugunar da mutum a wata ƙasa ta hannunta na wanda ya riga ya bar ƙasarsa ne ya yi rajista, ba na ɗan Najeriya da ke zaune a Gombe ba. Ko da sunan Yesu aka buga a saman fom ɗin, kada a bari a sanar da shi daga bagade.

Duk wata shida kwamiti ya zauna da kowane iyali a buɗe shafinsu: haya, makaranta, gona, lafiya. Abin da suka fara ɗauka da kansu a ja masa layi, a faɗi ranar da tallafin da ya rage zai tsaya, wata uku kafin ranar. Tsofaffi marasa kowa da marayu ba a rufe nasu shafin, sai dai a mayar da sunansu cikin littafin mabukatan ikilisiya na kullum, tare da na 'yan gari.